Magana da Yawun Wani: Wata Tara da Shashi Tharoor Ya Yi Yana Kakakin Jam'iyyar Congress

Ranar 13 ga Oktoba, 2014, hedkwatar jam'iyyar Congress da ke birnin Delhi ta fitar da wata gajeriyar sanarwa. Shugabar jam'iyya, Sonia Gandhi, ta amince da shawarar kwamitin ladabtarwa, don haka an cire Shashi Tharoor daga cikin masu magana da yawun jam'iyya, nan take. Ba a kore shi daga jam'iyyar ba, kuma kujerarsa ta majalisar dokokin ƙasa tana nan. Baki kawai aka karɓe. Abin da ya jawo haka kuwa, idan aka bi zahirinsa, tsintsiya ce. Firayim Minista Narendra Modi ya gayyace shi ya fito a share titunan Indiya, shi kuma ya amsa gayyatar.

Na daɗe ina juya wannan lamari a raina, saboda harshenmu ya riga ya fayyace matsalar tun kafin a kai ga Indiya. Mu kan ce wane yana magana da yawun wane. Harshen nasa ne, leɓɓan nasa ne, amma yawun da ke jiƙa maganar na wani ne. Mu kan kuma kira shi kakaki, wato wancan dogon abin busa da ke sanar da fitowar sarki, wanda ba ya zaɓar taken da za a busa da shi. Wannan ne aikin da aka danƙa wa mutumin da ya yi suna da rubuta ƙagaggun labarai, sana'ar da dukan jarinta shi ne mutum ya ga abu da idonsa ya faɗe shi da bakinsa. Wata tara aka yi, igiyar ta tsinke.

Ɗan boko mai alƙalami biyu

An haifi Tharoor a Landan ranar 9 ga Maris, 1956. Iyayensa mutanen Palakkad ne a jihar Kerala, can kudancin Indiya, mahaifinsa kuma ma'aikacin jaridar The Statesman ne. Ya tashi tsakanin Bombay da Kalkata, ya karanta tarihi a kwalejin St. Stephen's ta Delhi, ya gama a 1975, sannan ya wuce makarantar Fletcher ta jami'ar Tufts a Amurka, inda ya kammala digirin digirgir a 1978 yana da shekara 22. A wannan shekarar ya kama aiki da hukumar kula da 'yan gudun hijira ta Majalisar Ɗinkin Duniya a Janeba. Daga 1981 zuwa 1984 shi ne shugaban ofishin hukumar a Singafo, lokacin da 'yan Biyetnam ke ta tserewa daga ƙasarsu a ƙananan jiragen ruwa. Daga baya ya koma New York, sashen wanzar da zaman lafiya, ya yi fama da rikicin tsohuwar Yugoslabiya, ya zama na hannun daman Kofi Annan, wanda ya zama babban sakataren Majalisar. A 2002 ya kai muƙamin mataimakin babban sakatare mai kula da sadarwa da yaɗa labarai.

A lura da wannan muƙami da kyau, domin yana rushe bayanin da aka fi saurin kawowa, wai Tharoor bai iya magana da yawun wani ba. Ya iya, har ya ƙware. Shi ne ya riƙa fitowa yana kare Majalisar Ɗinkin Duniya a shekarun da aka mamaye Iraƙi ba da amincewarta ba, da lokacin badaƙalar shirin musayar mai da abinci, sa'ad da jaridun Amurka suka sa Annan a gaba. Bai yi tuntuɓen harshe da ya kai ga tsige shi ba. Sai ma ƙasarsa ta tsayar da shi takarar babban sakatare a 2006, ya zo na biyu bayan Ban Ki-moon a ƙuri'un gwaji na Kwamitin Sulhu, ya janye bayan da ɗaya daga cikin masu kujerar dindindin, wadda daga baya aka tabbatar Amurka ce, ta ƙi amincewa da shi.

A cikin waɗannan shekaru na aikin ofis ne ya rubuta dogayen ƙagaggun labaransa guda uku, da dare da ranakun hutu. Na farkon, The Great Indian Novel, ya fito a 1989, kuma ba za a fahimci abin da ya faru a 2014 ba sai an ɗan tsaya a kansa.

Indiyawa suna da wata tsohuwar doguwar waƙar tarihi mai suna Mahabharata, labarin ɓangarori biyu na 'yan'uwan juna da suka yi yaƙin gadon sarauta. Tharoor ya ɗauki wannan labari da kowane yaro ya sani, ya zuba tarihin siyasar Indiya ta ƙarni na 20 a cikinsa, ya raba littafin kashi 18 kamar yadda asalin yake. Mahatma Gandhi ya zama dattijo Gangaji. Jawaharlal Nehru, Firayim Ministan Indiya na farko, ya zama Dhritarashtra, makahon sarki. Jam'iyyar Congress ta zama jam'iyyar Kaurava, wato ɓangaren da ke kan ɓata a tsohon labarin. Indira Gandhi kuwa, 'yar Nehru da ita ma ta zama Firayim Minista, ta fito da sunan Priya Duryodhani, wadda ta maye gurbin azzaluman 'ya'yan makahon sarkin su ɗari, ita kaɗai. Ita kanta dimokuraɗiyya ya mayar da ita mace mai suna Draupadi Mokrasi, kuma fitaccen wurin nan da aka yi yunƙurin tuɓe Draupadi a bainar fada ya zama dokar ta-ɓacin da Indira ta kafa daga 1975 zuwa 1977, lokacin da aka ɗaure 'yan adawa aka toshe bakin jaridu.

Wannan shi ne marubucin da, bayan shekara 20, ya shiga jam'iyyar da surukar Indira, Sonia Gandhi, ke shugabanta. Bai ɓoye littafin ba, bai kuma janye shi ba. Duk wanda ya ba shi tikitin takara ya san da wa yake hulɗa, ko kuma ya kamata ya sani.

Sauran littattafan biyu ma suna da abin faɗi. Show Business na 1992 labarin wani jarumin finafinan Bombay ne da ya tsunduma siyasa ya sha kunya, kuma mu da muka tashi da kallon finafinan Indiya ba ma bukatar a gaya mana cewa Amitabh Bachchan ya ci kujerar Allahabad a 1984 a tutar Congress, ya ajiye ta kafin wa'adi ya cika. Riot na 2001 kuwa a kan rikicin Hindu da Musulmi ne a wani ƙagaggen gari a jihar Uttar Pradesh, inda aka kashe wata Ba'amurkiya mai aikin agaji. Tharoor bai ba da labarin da baki ɗaya ba. Ya jera wasiƙu da hirarraki da rubutun sirri, ya bar ɗan sanda ya yi magana, malamin tarihi Musulmi ya yi magana, ɗan kishin Hindu ma ya faɗi nasa da dukan ƙarfinsa, mai karatu ya yanke hukunci. Hannun da ya saba da shiga zuciyar abokin gaba ya nemo inda yake da hujja, shi ne aka miƙa wa kakakin jam'iyya.

Alamun farko

Ya bar Majalisar Ɗinkin Duniya a 2007. A 2009 ya tsaya takara a Thiruvananthapuram, babban birnin Kerala, ana ta yi masa gorin cewa baƙo ne da bai iya Malayalam, yaren jihar, sosai ba, amma ya ci da ratar ƙuri'a kusan 100,000. Firayim Ministan lokacin, Manmohan Singh, ya naɗa shi ƙaramin ministan harkokin waje, aka ba shi kula da hulɗa da Afirka da Latin Amurka da ƙasashen Larabawa na yankin Gulf, har da sha'anin aikin Hajji.

Ba a yi wata biyar ba bakinsa ya fara jawo masa. A watan Satumba na 2009 gwamnati na kamfen ɗin tsuke bakin aljihu, ministoci an ce su riƙa shiga ɓangaren talakawa a jirgin sama. Wani ɗan jarida ya tambaye shi a Twitter ko shi ma zai shiga "ajin shanu", wanda laƙabin raha ne da Turawa ke yi wa wannan ɓangare. Tharoor ya amsa da cewa ƙwarai kuwa, a ajin shanu zai tafi don nuna goyon baya ga shanunmu masu tsarki. A Turanci, saniya mai tsarki na nufin abin da ba a yarda a soka ba. A Indiya kuwa saniya abar girmamawa ce ta addini, talakan da ke tara kuɗi ya hau jirgi kuma ba ya jin daɗin a kira shi dabba. Da aka juya maganar zuwa Hindi da Malayalam sai rahar ta mutu, zagin ya rage. Kakakin jam'iyyarsa ta lokacin, Jayanthi Natarajan, ta fito ta ce ba za a lamunci irin wannan furuci ba. Ya ba da haƙuri.

A Afrilu 2010 ya sauka daga muƙamin minista saboda rigimar da ta taso kan ƙungiyar wasan kurket ta birnin Kochi, inda aka ce an ba Sunanda Pushkar, wadda ya aura daga baya a wannan shekarar, hannun jari kyauta. Ya musanta aikata ba daidai ba. A Oktoba 2012 aka dawo da shi gwamnati a matsayin ƙaramin minista a ma'aikatar da ke kula da ilimi. Ranar 17 ga Janairu, 2014, aka iske Sunanda ta rasu a ɗakin wani otal a Delhi. 'Yan sanda sun gurfanar da shi a 2018 bisa zargin ingiza ta ga kashe kanta, kotu kuma ta sallame shi a Agusta 2021. Na kawo wannan ne kawai don a san halin da mutumin yake ciki lokacin da aka naɗa shi kakaki, domin naɗin ya zo ne a cikin watan rasuwar, zaɓe na ƙaratowa, jam'iyya na neman masu kare ta a talabijin ta kowane hali.

Abin da jam'iyyar ta gani a wurinsa a fili yake. A Indiya, tashoshin labarai na yin muhawarar dare kullum, a jera mutum shida ko takwas a allo ɗaya kowa na ɗaga murya, kuma kowace jam'iyya tana da tawagar da take turawa wannan fage. Tharoor yana da Turancin da ba kowa ke iya karawa da shi ba, yana da natsuwa, yana cikin 'yan siyasar Indiya na farko da suka tara ɗimbin mabiya a Twitter. Congress ta ɗauka fasahar magana da biyayyar magana abu ɗaya ne.

Daga Mayu zuwa Oktoba

Zaɓen 2014 ya zo wa Congress da faɗuwar da ba ta taɓa gani ba. Cikin kujeru 543 ta tsira da 44, jam'iyyar BJP ta Modi ta kwashe 282. Tharoor ya riƙe kujerarsa da ƙyar, da ratar ƙuri'a dubu 15 da 'yan kai, a kan dattijon BJP O. Rajagopal, wanda ya daɗe yana kan gaba ranar ƙirga kafin ƙuri'un yankunan bakin teku su iso.

Makonni kaɗan bayan rantsar da Modi ranar 26 ga Mayu, Tharoor ya rubuta wata maƙala a jaridar intanet ta Huffington Post yana cewa sabon Firayim Ministan ya canza salo, yana magana irin ta mai son haɗa kan kowa, kuma rashin adalci ne 'yan adawa su yi kamar ba su gani ba. Ya ƙara da cewa za a sa ido a ga ko aiki zai bi magana. Wannan ƙarin bai kai kunnen kowa ba. Abin da 'yan jam'iyya suka ji shi ne kakakinsu yana yabon mutumin da ya yi musu kaca-kaca. Mani Shankar Aiyar, wani jigon Congress mai kaifin harshe, ya kwatanta shi da hawainiya.

Sai ga 2 ga Oktoba, ranar haihuwar Mahatma Gandhi. Modi ya ɗauki tsintsiya a Delhi ya ƙaddamar da shirin Swachh Bharat, wato tsaftace Indiya, da burin kawo ƙarshen yin bahaya a fili kafin 2 ga Oktoba, 2019, ranar cikar Gandhi shekara 150 da haihuwa. Matsalar ta gaske ce: ƙidayar 2011 ta nuna kusan rabin gidajen ƙasar ba su da makewayi. Modi ya ambaci sunaye tara ya ce su fito su yi shara, kowanne kuma ya gayyato wasu tara. Akwai ɗan kurket Sachin Tendulkar, akwai Salman Khan da Priyanka Chopra da Kamal Haasan, akwai attajiri Anil Ambani. A cikinsu har da Shashi Tharoor, ɗan majalisar adawa kuma kakakin Congress.

Ko Modi ya yi haka da zuciya ɗaya ko da lissafi, gayyatar ta sa Tharoor a tsaka mai wuya. In ya ƙi, an ce Congress na adawa da tsafta a ranar Gandhi, alhali gwamnatinta ma ta gudanar da irin wannan shiri mai suna Nirmal Bharat. In ya amsa, ya ƙara wa hoton Modi haske. Ya amsa, ya ce ya ji daɗin gayyatar, tare da gargaɗin cewa shi ba mai son aikin ganin ido ba ne, kuma sharar rana ɗaya ba ta tsaftace ƙasa.

Reshen jam'iyya na Kerala, ƙarƙashin V. M. Sudheeran, ya tashi tsaye. Jaridar jam'iyyar a jihar, Veekshanam, ta yi masa sharhi mai zafi. Aka rubuta ƙorafi zuwa Delhi cewa yabon da yake yi wa Modi ya ɓata wa ma'aikatan jam'iyya rai, waɗanda suka yi ta faɗi-tashi har ya ci zaɓe. Tharoor ya ce yana mamakin wanda zai kira shi ɗan goyon bayan BJP, alhali rubuce-rubucensa na shekara 30 suna nan suna kare Indiyar da ta ɗauki kowane addini nata ne. Kwamitin ladabtarwa, wanda A. K. Antony, shi ma ɗan Kerala, ke ciki, ya goyi bayan ƙorafin. Da sanarwar ta fito, Tharoor ya ce a matsayinsa na ɗan jam'iyya mai biyayya ya karɓi hukuncin. Kafin watan ya ƙare ya je bakin tekun Vizhinjam a mazaɓarsa ya yi sharar da ya yi alkawari.

Dalilin fushin mutanen Kerala

Mai kallo daga nesa zai iya cewa ƙanƙantar zuciya ce kawai da hassadar 'yan siyasar gida ga wanda ya fi su suna. Akwai wannan, ba na musu. Amma wanda ya tsaya nan bai yi wa mutanen adalci ba.

Kerala ba kamar sauran Indiya take ba. A ƙidayar 2011, Musulmi sun haura kashi 26 cikin ɗari na mutanen jihar, Kirista kuma kusan 18. A lokacin, Congress tana mulki ne a can cikin ƙawance da jam'iyyar Muslim League, babbar abokiyar hamayyarta kuma jam'iyyar kwaminisanci ce, wadda kullum take neman hujjar nuna wa tsirarun addinai cewa Congress ba abar dogaro ba ce wajen tare BJP. A 2014 BJP ba ta taɓa cin ko kujera ɗaya ta majalisar jiha ko ta ƙasa a Kerala ba, kuma wurin da ta fi kusa da ci shi ne mazaɓar Tharoor ɗin kanta. Ƙuri'un da suka cece shi na masunta ne na bakin teku, galibinsu Kirista da Musulmi. Ga waɗannan mutane, Modi shi ne wanda yake babban ministan Gujarat a 2002 lokacin da aka kashe sama da mutum 1,000, mafi yawansu Musulmi. Ma'aikacin jam'iyya da ya bi gida gida a watan Afrilu yana cewa a zaɓi Tharoor don a tare wa Modi hanya, da wane ido zai koma wa waɗannan gidaje a watan Oktoba? Shi ne zai sha tambaya a kasuwar kifi, ba marubucin maƙala ba.

Akwai kuma yanayin siyasar Indiya kanta. Tun 1985 akwai dokar hana sauya sheƙa, wadda ta tanadi cewa ɗan majalisar da ya saɓa wa umarnin jam'iyyarsa wajen kaɗa ƙuri'a yana iya rasa kujerarsa. Inda doka ta ɗaure hannun ɗan majalisa haka, ba abin mamaki ba ne al'ada ta ɗaure harshensa. A tsarin Majalisar Ɗinkin Duniya, matsayar da Tharoor ke karewa rubutacciya ce da aka tattauna kalma bayan kalma, babu wani mutum guda da aka ce masa wannan abokin gaba ne kullum, kuma yana da damar rubuta littafinsa da sunan kansa. A jam'iyyar da ta rage da kujera 44, aikin kakaki guda ɗaya ne, ya nuna cewa gwamnati ta yi kuskure, yau da gobe da jibi.

A ganina, cire shi da aka yi daidai ne, naɗa shi ne ya zama kuskure. Mai magana da yawun jam'iyya ba shi da wata magana da za a ce tasa ce ta ƙashin kansa, domin duk abin da ya furta, jarida za ta rubuta cewa Congress ta ce. Tharoor ya so ya riƙe kakakin kuma ya ci gaba da rera tasa waƙar, wannan kuwa ba ya yiwuwa, kuma mutum mai gogewarsa ya san haka. Da ya ga ra'ayinsa kan Modi ya bambanta da na jam'iyya a watan Yuni, abin da ya fi dacewa shi ne ya ajiye muƙamin da kansa. Amma a kan ainihin maganar, wato ko ya halatta ɗan adawa ya ce gwamnati ta yi daidai idan ta yi daidai, ina tare da shi ɗari bisa ɗari. Adawar da ba ta iya yaba gina makewayi ba, ranar da ta yi kuka kan abin kuka na gaske mutane za su ce ai halinta ne.

Da aka sake masa baki

Abin da ya biyo baya ya nuna wa jam'iyyar irin dukiyar da take da ita ba ta san inda za ta ajiye ba. A ƙarshen Mayu 2015 Tharoor ya yi jawabi na kimanin minti 15 a zauren muhawara na Oxford, kan cewa Birtaniya na da bashin diyya ga ƙasashen da ta mulka. Ya ce lokacin da Turawan Ingila suka iso, Indiya na riƙe da kashi 23 cikin ɗari na tattalin arzikin duniya, da suka tafi ya koma ƙasa da kashi 4. Ya ce ba kuɗin ne damuwarsa ba, amincewa da laifi ne, ko fam ɗaya a shekara aka riƙa biya na tsawon shekara 200 ya wadatar. Da aka sa bidiyon a intanet miliyoyin mutane suka kalla, Modi da kansa ya yaba masa a bainar jama'a. Jawabin ya zama littafin An Era of Darkness a 2016, wanda ya ci kyautar hukumar adabi ta ƙasa, Sahitya Akademi, a 2019. Babu wani kakakin jam'iyya da ya taɓa samun irin wannan sauraro, kuma ya same shi ne yana magana da yawun kansa.

Masu cewa ya sayar da kai ga Modi ma ba su daɗe da hujja ba. A 2018 ya fitar da littafi guda sukutum yana sukar mulkin Modi, da wani yana bambance addinin Hindu da ya gada da siyasar Hindutva, wato aƙidar kishin Hindu ta BJP. A Yulin wannan shekarar ya yi gargaɗin cewa idan BJP ta sake cin zaɓe za ta iya mayar da Indiya "Pakistan ta Hindu", sai ga Congress ɗin nan dai tana nesanta kanta da shi, wannan karon saboda ya yi zafi da yawa. A 2020 yana cikin jiga-jigai 23 da suka rubuta wa Sonia Gandhi wasiƙa suna neman gyaran jam'iyya. A Oktoba 2022 ya tsaya takarar shugabancin jam'iyyar, ya samu ƙuri'a 1,072, Mallikarjun Kharge ya samu 7,897. A 2024 mutanen Thiruvananthapuram suka sake zaɓarsa karo na huɗu, da ratar kusan dubu 16.

Sai tsohuwar rigimar ta dawo da sabuwar riga a 2025. Bayan harin Pahalgam na 22 ga Afrilu, inda aka kashe mutum 26 a Kashmir, da farmakin da Indiya ta kai cikin Pakistan a watan Mayu, gwamnatin Modi ta kafa tawagogi bakwai na 'yan majalisa daga jam'iyyu daban-daban don su zaga duniya su bayyana matsayin ƙasar. Congress ta miƙa sunaye huɗu, babu na Tharoor. Gwamnati ta tsallake su ta naɗa shi shugaban tawagar da ta je Amurka da Guyana da Panama da Kolombiya da Barazil, shi kuma ya karɓa. Wani ɗan jam'iyyarsa, Udit Raj, ya ce gara a naɗa shi babban kakakin BJP a huta. Tharoor ya sha nanata cewa shi ba kakakin jam'iyya ba ne, ba kuma na gwamnati ba, ra'ayinsa yake faɗi a matsayinsa na ɗan Indiya. A 2014 wannan amsar ba ta tsaya ba, saboda yana riƙe da muƙamin. A 2025 tana da ƙafar tsayawa, ko da yake mai adalci zai yarda cewa wanda ya jagoranci tawagar gwamnati zuwa Washington ya ɗan ari yawunta, ko da na mako biyu ne.

Abin da ya fi damuna a dukan wannan labari ba ya cikin sanarwar kowace jam'iyya. Tun da ya shiga siyasa Tharoor bai daina rubutu ba, littattafansa sun haura 20, kan tarihi da addini da siyasar waje da rayuwar Ambedkar, jagoran rubuta kundin tsarin mulkin Indiya. Amma galibinsu littattafan hujja ne, irin waɗanda marubuci ke tsayawa a gefe ɗaya yana kare shi. Ƙagaggen labari mai tsawo na ƙarshe da ya fitar shi ne Riot, a 2001. Da ake tambayarsa dalili, ya kan ce ƙirƙirar labari na bukatar fili a cikin kai, inda mutum zai gina wata duniya ya zauna da mutanenta har su zama na gaske a wurinsa, kuma rayuwar ɗan siyasa mai mazaɓa da kwamiti da wayar da ba ta daina ƙara ba ta barin wannan fili. A shekarun da bai rubuta ƙagaggen labari ba, Indiya ta ga hawan Modi, da soke matsayin Kashmir na musamman a 2019, da gina haikalin Ram a Ayodhya a wurin masallacin Babri da aka rusa, wato ƙarshen rigimar da Riot ya kama tun tana tsakiya. Mutumin da ya taɓa mayar da Nehru makahon sarki yana zaune a cikin majalisar yana kallon duk wannan da idonsa, kuma har yau bai ba mu labarinsa ba.